Wa Ya Riga Rasuwa, Uban ko Ɗan?

Bir Zaituna, Afrilu 1949

Zuwa ga Baffa Huwato, a Tarabulus.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna Zula, kumburin ya saɓe? Yaya idanunka? An ce likitocin masu jirgin ruwa sun hana ku tafiya ƙasar alkawari sai an gama yi maka magani, Allah ya sawwaƙe. Ni ce Gazala 'yar Shawul, ɗan ƙanen mahaifinka. Da hannuna nake rubutu, ni kuma zan karanta amsa, don haka ka faɗi abin da ke bakinka, ba mai ji.

Mu nan lafiya, in ana kiran wannan zama lafiya. Garin ya zama kufai tun muna cikinsa. Gida arba'in muke, mu Yahudawan Bir Zaituna, kafin Italiyawa su loda mu a motoci zuwa sansanin Jadu a lokacin yaƙi. Da muka dawo ba mu cika rabi ba, yanzu kuma kowane mako sai wani ya ɗaure kayansa ya bi hanyar Tarabulus. Asabar ɗin da ta wuce sai da aka tallabo tsoho Bekor daga gado kafin maza su cika goman da ake bukata don addu'a a majami'a. Hajja Mabruka maƙwabciyata ta rungume ni tana kuka wai za mu bar su, tana share hawaye ta tambaye ni ko zan bar mata tukunyar tagulla. Dariya na yi, to me zan ce?

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Barkani maƙerin farin ƙarfe yana nemana da aure. Ka san shi, kai ka binne matarsa da 'ya'yansa uku a Jadu, 'yarsa Misa kaɗai ta rage masa. Ba kyakkyawa ba ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, amma mutumin kirki ne, kuma na amince. Shekara shida ina kwana ni kaɗai, ya isa haka.

Muka je wurin malaminmu Rebbi Nissim a sa rana. Ya zaunar da ni ya ce, "Gazala, ranar da Rahamin mijinki ya rasu, ɗanku yana da rai?"

Na ce, "A'a, Rebbi, Faraji ne ya riga. Ni zazzaɓi ya ɗauke min hankali, ban san inda kaina yake ba, amma Baffa Huwato yana wurin. Ya ce yaron ya yi barci a ƙirjin ubansa bai farka ba, washegari uban ya bi shi."

Sai Rebbi ya dafe kai. Ya ce mijin da ya mutu bai bar ɗa a duniya ba, matarsa a ɗaure take da ɗan'uwansa. Ba zan auru ba sai Kammus ƙanen Rahamin ya tsaya gaban malamai, na kwance masa takalmi, na tofa yawu a ƙasa, ya sallame ni.

Na ce, "Rebbi, wane Kammus? Wanda aka kwasa daga Tarabulus aka kai fasa dutse iyakar Masar, har yau ko hularsa ba a gani ba?"

Ya ce, "Shi. A nemo shi, ko a nemo wanda ya ga gawarsa. Da yaron ya wuce ubansa ko da sa'a ɗaya ne, da yau ɗin nan na ɗaura muku aure."

Ka ji fa, Baffa! Na tashi na fito ban yi masa sallama ba, don abin da ya zo bakina ba na faɗa wa malami ba ne.

Kai ke Tarabulus, can duk mutanenmu suka taru. Don Allah ka tambaya min, ka bi ɗaki ɗaki in ta kama. Motar ƙarshe za ta kwashi ragowar mutanen gari bayan Idin Bukkoki, Barkani da Misa suna ciki. Ina so in hau ta a matsayin matarsa. Ka gaida Inna Zula.

'Yarka,
Gazala

Tarabulus, Yuni 1949

'Yata Gazala,

Takardarki ta iso, na gode da gaisuwa. Zula tana nan yadda kika san ta, ƙafa a kumbure, baki kuwa lafiya lau. Ni kullum safe wata ma'aikaciyar asibiti take juya min fatar ido tana goga wani shuɗin dutse, in fito ina hawaye kamar an aiko min da mutuwa. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri. A wani ɗakin makaranta aka zuba mu, mu da mutanen ƙauyuka, kowa zaune kan ƙunshinsa yana jiran jirgi.

Maganar Kammus na yi yawo har takalmina ya huje. Matar da ya yi haya a gidanta ta ce tun ranar da aka tafi da shi ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Na sami mutum biyu da suka fasa dutse tare da shi. Ɗaya ya ce jirgin sama ya jefa bam a kan hanyar, kowa ya watse cikin yashi, daga nan bai ƙara sa shi a ido ba. Ɗayan ya rantse wani ya gaya masa an gan shi a Iskandariya yana tallan taba. Na kai wa kotun malamai duka biyun, suka ce na farko ba shaidar mutuwa ba ce, na biyun kuma zancen kasuwa ne. Rebbi Nissim bai zalunce ki ba, abin da ke rubuce ya faɗa. Can ma inda za mu, hukuncin ɗaya ne.

Amma wa ya aike ki ki kwashe labarin yaron ki ba Rebbi ba ki tambaye ni ba? Ya riga ya wuce dai. Akwai wata hanya da in an bi za ki auru, sai dai ba zan bi da ke ta nan ba, kada ma ki tambaye ni.

Shawarata ki haƙura da auren nan. Ki sallami Barkani ya nemi wata, zawarawa sun cika ko'ina. Ki tattara ki zo mu hau jirgi tare. Ga Zula tana bukatar mai kama mata, ke kuma ba za ki rasa abinci ba muddin ina numfashi.

Baffanki,
Huwato

Bir Zaituna, Yuli 1949

Baffa,

Ina gaishe ka, don an koya min gaida manya. Allah ya ba Inna Zula lafiya, kai kuma ya buɗe maka ido ko ka ga abin da ka rubuto min.

Tun Afrilu nake tsayuwa bakin hanya duk ranar da motar wasiƙu za ta zo, har direban ya fara yi min ba'a wai ko shi nake so. Ƙarshenta ga abin da na samu: in haƙura. Haba Baffa! Ashe duk yawon da ka yi, baiwa kake nema wa matarka, mai matsa mata ƙafa da zubar mata da fo? Ka fito fili ka ce haka mana, ka daina naɗe min shi da tausayi.

Wane haƙuri ne ban yi ba? Ranar da aka tara mu a ƙofar majami'a, ku manya kuka ce mu yi haƙuri, 'yan kwanaki ne. A cikin mota, a tsaye kamar tumaki, ga Faraji a hannuna ba ruwa, kuka ce haƙuri. A Jadu ana ba mu burodin da bai cika tafin hannu ba da wake mai ƙwari, kwarkwata na cin mu da rai. Muka dawo na tarar an ɗaure jaki a ɗakin da aka kai ni amarya, an ƙone ƙofar. Na share kashin jakin da hannuna, na rataya bargo a ƙofa, ban ce wa kowa uffan ba. Yanzu na ga ɗan haske, ka ce in rufe ido.

Duk namijin da ya rasa mata a Jadu, kafin shekara ta zagayo ya yi sabuwa, ba wanda ya ce masa ya nemo takalmin wani. Rebbi Nissim kansa ya yi, amaryarsa ga ta nan da goyo. Ni ce kawai ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba, an ɗaure ni da igiya a ƙafar mutumin da sau biyu na taɓa gani a duniya. Wallahi da Kammus zai shigo yanzu, ba a ƙasa zan tofa yawun ba.

Jiya Barkani ya zo ya zauna a bakin ƙofa, don ba ya shiga. Na haɗa masa shayi da gyaɗa. Ya ce, "Gazala, ni zan jira."

Na ce, "Ka jira me, kurma? Kammus ya faɗo daga sama da takalmi a hannu?"

Ya yi dariya har shayi ya shaƙe shi. Ya ce Misa ta fara girma, ba zai zauna da ita a garin da ba sauran namu ba. Gaskiyarsa ce. Ban ga laifinsa ba, da ni ce ma haka zan yi.

Sai maganar hanyar da ka ce kada in tambaya. Ni ba yarinya ba ce, na gane: shaidar zur kake nufi. To na tambaya. Duk wanda ya kwanta a ɗakin marasa lafiya na Jadu a wancan makon, ko ya mutu, ko bai san inda kansa yake ba. Kai kaɗai ke shiga kana fita da gawa, su biyun da kuke yi tare kuwa suna can kan tudu a kwance cikin kabari. Ka je gaban malamai ka ce ka tuna da kyau, uban ne ya riga, yaron ya kwana bayansa. Wa zai ƙaryata ka? Zunubin a wuyana, na ɗauka.

Abin da za su rubuta a takardarsu bai dame ni ba. Ni na san gaskiya, kuma ta ishe ni: ɗana ya tafi a ƙirjin ubansa, da ɗuminsa, bai sha wahala ba. Da wannan nake iya tashi daga shimfiɗa kowace safiya. Kai ka ba ni shi, ban manta ba, shi ya sa har yanzu nake kiranka Baffa. Ka ƙarasa alherinka.

Gazala

Bir Zaituna, Satumba 1949

Baffa Huwato,

Ina fata kuna lafiya. Fata nake, tunda ba ka ga damar sanar da ni ba.

An sauke littattafan Attaura an sa su a akwatin katako, majami'a ta zama ɗaki kawai. Mata mun je maƙabarta mun shafe kaburburan kakanni da farar ƙasa, muka roƙi mijin Hajja Mabruka kada ya bari awaki su hau. Ya ce a kansa. Barkani ya sayar da uwar maƙerarsa da zugazugi, ya daina zuwa bakin ƙofata, in mun haɗu a rijiya sai ya sunkuyar da kai. Wata gwaggonsa ta fara yi masa zancen wata bazawara 'yar Banghazi, a gabana take yi don in ji.

Tsoron Allah ne ya hana ka amsa, ko fushi kake don na ce baiwa kake nema? In fushi ne, ban janye ba. Kai da ka wanke gawar rabin mazan garin nan da ruwan gwangwani, tsayuwa gaban malamai uku ce ta gagare ka? Idi ya ƙarato. In a'a ce, ka rubuto a'a, kalma ɗaya ce, ko makaho ya iya. In kuwa mutuwa ka yi, a sa wani ya gaya min, in daina wahalar da ƙafata.

Gazala

Tarabulus, Satumba 1949

Gazala,

Ban mutu ba. Zula na gaishe ki, idona ya yi sauƙi, an ce jirgi mai zuwa namu ne. Takardunki biyu suna aljihuna, na karanta su har sun yage a ninki.

Kin ce in yi ƙarya. Ƙaryar ai na riga na yi ta, a Jadu, ranar da kika buɗe ido kika kama rigata kika ce ina ɗanki. Tunda kin matsa, kin zage ni, kin kira ni mai neman baiwa, to zauna ki ji.

Rahamin ne ya riga. Ranar Alhamis da safe na shiga na same shi ya sandare, na ɗauke shi. Ke kina gefe kina sambatu, ba kya gane kowa. Yaron yana tsakaninku, da ransa, ko zazzaɓin bai kama shi ba tukuna. Na ɗauke shi zan kai wa Zula, mai gadin ƙofa ya tare ni ya ce daga ɗakin nan ba a fita da mai rai, sai gawa. Na roƙe shi, na durƙusa, ya sa gindin bindiga ya fasa min baki. Haƙoran nan biyu da na ce miki faɗuwa na yi, can suka zube. Na mayar da yaron na kwantar da shi a jikinki. Na bi ɗakin ina neman mai shayarwa, ba macen da ke da ɗigo a ƙirjinta. Duk shigar da na yi ɗaukar gawa ina jiƙa tsumma in matsa masa a baki. Ranar Juma'a yana kuka, yana hawa jikinki yana neman nono. Ranar Asabar muryar ta dushe. Lahadi na same shi ya cika, kansa a hammatarki.

Ga hanyar da na ce ba zan bi da ke ba. Kin gan ta?

Kada ki jira in ce na yi nadama, ban yi ba. Ke ƙashi da fata, an aske miki kai, ko zama ba kya iyawa, in gaya miki wannan? Da ba ki kai washegari ba, da ni zan haƙa miki rami. Na san hukuncin takalmi sarai a lokacin, amma na ɗauka Kammus yana nan Tarabulus yana yawonsa, in ranar ta zo a kira shi a kwance a tofa, kowa ya kama gabansa. Ina na san yashi ya haɗiye shi? Tun da takardarki ta farko ta zo ban yi barcin kirki ba. Na ce gara ki rasa miji ki riƙe abin da ke tayar da ke da safe. Zula ta ce ba ni da ikon zaɓar miki. Mun yi faɗa a gaban mutane, ta jefe ni da kwano, ita da ko tsayuwa ba ta yi.

Na je kotun malamai na faɗi abin da na faɗa miki yanzu. Suka ce me ya sa maganata ta zama biyu. Na ce waccan na faɗa wa mara lafiya ne a kan tabarma, wannan nake faɗa a gabanku da rantsuwa. Sun karɓa, sun rubuta, sun buga hatimi. Ga takardar nan na haɗo miki. Ban aika wa Rebbi Nissim ba, a hannunki na sa. In kin so ki kai masa, in kin so ki sa a murhu.

Allah ya isa tsakaninmu da waɗanda suka rufe ƙofar nan. Ni kuma ki zage ni yadda kika ga dama, amma kada ki ƙara cewa baiwa nake nema.

Huwato

Bir Zaituna, Oktoba 1949

Baffa,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Inna Zula lafiya, ka ce mata na gode da kwanon.

Na kai takardar. Sai da ta kwana uku a ƙarƙashin tabarma tukuna, ban ci ba, ban buɗe wa kowa ƙofa ba, Hajja Mabruka ta yi ta bugu har ta gaji. Rebbi Nissim ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata, an kwance ki." Ya ga fuskata sai ya ninke takardar ya miƙo min. An ɗaura auren jiya, da maza goma cif, har da tsoho Bekor a kan kujera. Mata suka fara guɗa na ce duk wadda ta ƙara sai na fasa mata baki. Gobe mota za ta zo.

Yanzu ka saurare ni. Ni na roƙe ka ka ce uban ne ya riga, ni na ce zunubin a wuyana. Ka yi shiru wata biyu, sai ga maganar ta dawo min yadda na roƙa, da hatimi a jikinta. Mutumin da ya iya tsara min barci a ƙirjin uba, ya iya tsara min Alhamis da Juma'a da Asabar don malamai su yarda, ni ma in yarda in yi aure da zuciya ɗaya. To yaushe ka yi min ƙarya, Baffa, a Jadu ko yanzu? Kada ka amsa. Duk abin da ka ce ba zan ƙara yarda ba, kai ka jawo, kuma ban yafe ba. Ɗana ne. Ba ka da ikon ka ba ni mutuwarsa iri biyu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi komai ba. A cikin zazzaɓin nan ina tuna wani abu yana jan gaban rigata, yana ja, ni kuma ina ture shi da gwiwar hannu. Shekara shida na ɗauka ɓera ne. Ɗakin ai cike yake da ɓeraye, kai ma shaida ne.

In mun iso Tarabulus kada ka zo tarye. In jirgi ya haɗa mu, ka gaisa da Barkani, shi yana sa maka albarka, ni ka bar ni. Da safen nan ya ga na daɗe tsaye ina addu'a, ya ce, "Amarya, me kike ta roƙo haka, ɗa namiji?" Na ce masa i. Ba shi nake roƙo ba. Roƙo nake Allah ya sa shaidar zur ka yi a gaban malamai, ya sa auren nan nawa haramun ne, ya kama ni da shi ranar hisabi, in dai Faraji a ƙirjin ubansa ya yi barci.

Gazala, matar Barkani